Lokacin kullen Korona, me ɗan majalisarku ya yi muku?

Tela daga Gwale: Assalamu alaikum. Jiya a shago aka tuno azumin 2020. An ɗauki azumi ran 24 ga Afrilu, ran 27 Buhari ya ce a rufe Kano ruf na sati biyu, ga jana'iza safe da yamma. Abin da ya iso gidana daga ɗan majalisarmu kwano ɗaya ne na shinkafa da taliya biyu, a buhu mai hotonsa. Wallahi hoton ya fi shinkafar cika ido. Ku me kuka gani?

Uwargida a Hotoro: Ai kai ka ma ci sa'a, Malam. Mu ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa aka bi, da daddare aka raba. Maƙwabciyata mai takaba da yara biyar ba ta samu ko gwangwani ba, wai mijinta ba namu ba ne. Mamaci fa! Mu muka riƙa haɗa mata ɗan abin buɗa-baki ta katanga.

Ma'aikacin lafiya: Ni dai zan faɗi alheri, don na gani. Ina ƙaramin asibiti a wani ƙauye. Makon farko safar hannu ɗaya muke wankewa mu sake sawa, takunkumi kuwa na yadi ne, matata ta ɗinka min. Na kira Honarabul ban sa rai ba, sai ga shi ya ɗauka da kansa. Bayan kwana biyu aka kawo kwalayen safar hannu, sabulu, da bokitai uku masu famfo. Ɗaya har yau yana bakin ƙofa, murfin ne kawai ya fashe.

Amma abin da ya fi min kayan, ya shiga rediyo ya ce cutar gaskiya ce, a lokacin da ake ta cewa ta masu hawa jirgi ce. Ya roƙi limamai da masu unguwanni su ja kunnen mutane kan cunkoson gaisuwar mutuwa. Wani dattijo mai ciwon suga da aka ƙi karɓa a wurare biyu don yana tari, direban Honarabul ne ya kai shi birni da takardar izinin wucewa. Ya rayu, bara ma na gan shi a kasuwa.

Malamin makaranta: Allah ya saka masa. Sai dai mu ma muna da laifi, mun mai da ɗan majalisa mai rabon shinkafa. Aikinsa ya tashi a zauren majalisa ya tambayi inda kuɗin lafiya suka shiga. 'Yan Majalisar Wakilai su 360 sun ce sun ba da albashin wata biyu, to waye ya bi sawun kuɗin? Mun rubuta wa namu takarda kan rijiyar burtsatsen asibitin unguwarmu da ta lalace, muka tarar da ofishin mazaɓa da kwaɗo, maigadi ya ce Oga yana Abuja. Sai a watan Oktoba, da aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, muka ga kayan tallafin CACOVID, haɗakar kamfanoni masu zaman kansu ta yaƙi da Korona, jibge.

Tela daga Gwale: Gaskiya ne, Malam, amma ranar da yara ke kuka ba wanda ya tuna da zauren majalisa. Litinin da Alhamis da ake buɗe gari daga ƙarfe 10 zuwa 4, na fita da aljihu wayam, don ba mai kawo ɗinkin sallah. Kan keken ɗinkina na ba da jingina.

Uwargida a Hotoro: Ka karɓo shi dai ko?

Tela daga Gwale: Sai bayan babbar sallah, Hajiya. Buhun mai hoton kuma yana nan, ƙyallaye nake zubawa a ciki.