Mata masu aikin kuran: ofis aka ajiye ki ko shantiye?

Injiniya daga unguwar Ali Dan Sofo ta Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban daɗe da dawowa daga horo a Naivasha ta ƙasar Kenya ba. An kai mu Olkaria, inda tun 1981 ake samar da kuran daga zafin cikin ƙasa: a haƙa rijiya mai zurfin kusan mita 3,000, tururi ya taso da ƙarfi ya juya inji, dare da rana. Wadda ta zagaya da mu bakin rijiya mace ce. Ita ke duba ma'auni, maza na tsaye suna jiran ta ce a buɗe. Abin ya tsaya mini a rai, don shekarata 4 a aiki, rubuta rahoto kawai nake yi. Ku fa, yaya kuka ƙare?

Mai haɗa sola daga unguwar Mokoyo: Wa alaikumus salam Yaya. Ni kunya ta hana maigidana na wajen aiki kora ta, sai ya ce in tsaya shago in riƙa karɓar kuɗi. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, dole aka fita da ni. Nan aka gano abin da ba a lissafa ba: gidajen kulle da namiji ba ya shiga sai maigida na nan, ni sallama kawai nake yi in wuce har tsakar gida. In ɗora batir, in nuna wa uwargida yadda za ta goge ƙura a kan faifan sola, kada ta bari batir ya mutu ƙurmus. Har yau takalmin aiki mai lamba 43 nake sawa, da tsumma a gaba, don ba a sayo daidai ƙafata ba.

Wani mai haƙar foraj: Gaskiya ƙanwata, ni ma na taɓa ƙin ɗaukar 'yar sitaji. Kwana 10 muke yi a daji, ba makewayi, ba ɗakin kwana. Daga baya na ga zana huɗu da rumfa ɗaya sun kashe maganar. Laifina ne.

Ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Yaya, mu ma muna da ruwan zafi a Tafadek, can wajen Agadas, duk da ba mu da tashar tururi. Abin da nake son in yi bincike a kai ke nan. Baba ya amince, Inna ce ta ce wa zai auri mai yawon duwatsu.

Injiniya daga Ali Dan Sofo: Ki gaishe da Inna, ki ce ranar Juma'a bayan la'asar ina nan tafe da hotunan Olkaria, ta ga matar nan da idonta.