Muhawara: Shin rajistar hukuma ta isa shaida a kan karatun mutum, aikinsa da abin da ya ƙirƙira?

Malam Auwalu: Assalamu alaikum. Ga matsayina, mai ja ya ja. Duk wanda ya ce yana da digiri, ko ya riƙe muƙami, ko ya ƙirƙiri wata na'ura, yau akwai rajistar da za a buɗe a duba. Takardun haƙƙin ƙirƙira suna nan kyauta a Espacenet na ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai, da Patentscope na WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, da Google Patents. Daraktocin kamfanonin Birtaniya suna cikin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na ƙasar. Shugabannin kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka suna cikin EDGAR, rumbun takardu na hukumar kula da kasuwar. Likitocin Birtaniya suna cikin rajistar GMC, hukumar da ke kula da su. Don haka ƙa'idata biyu ce: in sunan mutum ya fito, magana ta ƙare, in bai fito ba, a ɗauka ƙarya yake yi har sai ya kawo hujja. Gani ya kori ji.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, rabin farko na ƙa'idarka zai sa ka gaskata mutane da yawa da ba su da komai a hannu. Mu fara da takardun ƙirƙira. Abin da ke fitowa a Google Patents kashi biyu ne: takardar nema, da takardar da aka amince aka bayar. A yawancin ƙasashe ana wallafa takardar nema bayan wata 18 daga ranar da aka fara shigar da ita, ko an duba ta ko ba a duba ba, ko ma daga baya a yi watsi da ita. Bambancin yana cikin harafin da ke ƙarshen lambar. A Amurka da ofishin Turai, A1 na nufin nema ne kawai. B1 ko B2 na nufin an bayar. Lambar da ta fara da WO kuwa nema ce a ƙarƙashin yarjejeniyar PCT, wadda ke ba mutum damar shigar da nema ɗaya don ƙasashe da yawa, kuma WIPO ba ta ba kowa haƙƙin ƙirƙira. Dole mai nema ya bi ƙasa-ƙasa, galibi cikin wata 30, a ofishin Turai wata 31, kowace ta yanke hukuncinta. Wanda ya nuna maka lambar WO ya ce yana da haƙƙin ƙirƙira na duniya, ya nuna maka shaidar cewa ya biya kuɗin shigarwa ne, don babu wani abu mai wannan suna.

Malam Auwalu: Na karɓa, Hajiya. To mu ce sai mai harafin B. Ai wannan ƙwararren ma'aikaci ya zauna ya tantance shi.

Injiniya Bashir: Ya tantance me? Nan ne ake yawan ruɗewa. Mai tantancewa yana duba ko abin sabo ne, ko ba abin da duk mai sana'ar zai iya hasashe ba ne, da ko an bayyana shi yadda masani zai iya bin bayanin. Duk a takarda yake yi. Ba ya zuwa ɗakin gwaji ya ga na'urar tana aiki. Ofishin Amurka ba ya neman a kawo masa samfuri sai a irin iƙirarin injin da zai yi ta juyawa har abada ba tare da makamashi ba. Kamfanin gwajin jini na Amurka, Theranos, ya mallaki takardun ƙirƙira masu yawa da sunan shugabarsa Elizabeth Holmes a kansu, an kuma bayar da su bisa ƙa'ida, amma na'urar gwajin jinin ba ta yin abin da aka ce tana yi, kuma a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari.

Sannan ba ko'ina ake tantancewa ba. Ƙaramar takardar ƙirƙira ta Jamus da ta Sin, mai shekara 10, ana yi mata rajista ba tare da cikakken binciken sabuntarta ba. A 2001 wani lauya a Ostireliya ya yi rajistar taya, tayar da kowa ya sani, don ya nuna raunin irin wannan tsari a ƙasarsa, kuma aka ba shi takarda. A 2021 Afirka ta Kudu, wadda ba ta yin cikakken bincike kafin ta bayar, ta ba da takarda mai ɗauke da sunan manhajar kwamfuta a matsayin mai ƙirƙira, alhali kotunan Amurka da Birtaniya sun ƙi amincewa da hakan.

Hajiya Rakiya: Ƙari a kan na Injiniya, a kula da yadda ake ƙirga. Ƙirƙira ɗaya in aka shigar da ita ta PCT, sannan a Amurka, Turai, Sin da Japan, kowace da takardar nema da ta bayarwa, takardu 9 ke nan za su fito da sunan mutum ɗaya. Espacenet yana haɗa su a matsayin dangi ɗaya, to dangin za ka ƙirga. Ka kuma duba ƙananan lambobin da ke shafin farko: 72 mai ƙirƙira ne, 71 mai nema, 73 mai mallaka. Ma'aikaci yana iya zama a 72 amma kamfaninsa ne ke 73, shi ba shi da ikon sayarwa ko bayar da lasisi. Mai kuɗi kuma yana iya sayen takardu ya zama mai mallaka bai taɓa ƙirƙirar komai ba. Sai matsayin takardar a yau: wa'adinta shekara 20 ne daga ranar shigarwa, amma a Amurka sai an biya kuɗin raya ta a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi bayan bayarwa, in ba haka ba ta mutu. A Turai kowa na iya shigar da ƙorafi cikin wata 9 bayan bayarwa, kuma ana soke wasu ta wannan hanya. Tsohon kwafin yana nan a intanet kamar ba abin da ya faru.

Dakta Lawal: Ni ina ganin kun yi wa Malam Auwalu rubdugu fiye da kima. Duk abin da kuka lissafa, harafin A da B, lamba 72, kuɗin raya takarda, a cikin rajistar ne kuka same shi. Ashe laifin na mai karatu ne da bai iya karantawa ba. Rajistar ta faɗi gaskiya.

Barista Hauwa: A takardun ƙirƙira maganarka tana da ƙarfi, Dakta, don a can hukuma ce ke rubuta matsayin takardar da kanta. Amma akwai rajistar da hukuma ke adana abin da aka kawo mata kawai. Companies House ya shafe shekaru yana karɓar sunayen daraktoci da adireshinsu ba tare da ikon tantance su ba, sai dokar 2023 ta ba shi wannan iko. Tarihin aikin shugabannin kamfani da ke cikin EDGAR kuwa kamfanin ne ke rubutawa ya aika. A 2012 shugaban Yahoo, Scott Thompson, ya sauka daga muƙaminsa bayan an gano cewa digirin kimiyyar kwamfuta da ke cikin tarihinsa babu shi, digirinsa na akanta ne. Wannan bayanin yana cikin takardun da aka miƙa wa hukumar kula da kasuwar hannun jari. Da ƙa'idar Malam Auwalu aka bi, magana ta ƙare tun a nan.

Mafi muni shi ne na Zholia Alemi. A 1995 ta shiga rajistar likitocin Birtaniya da takardar digiri ta jabu da ta ce daga Jami'ar Auckland ta samo, ta yi sama da shekara 20 tana duba masu taɓin hankali. Duk asibitin da ya duba rajista ya ga sunanta, kuma da gaske sunan yana ciki. Wani ɗan jarida ne ya tuntuɓi jami'ar a 2018 asiri ya tonu. A 2023 aka ɗaure ta shekara 7.

Malam Auwalu: Amma Barista, a duka biyun kundin jami'a ne ya tona su. Kin dawo kan maganata.

Barista Hauwa: Kundin jami'a ba a buɗe yake ba, Malam, kuma a nan rabi na biyu na ƙa'idarka ke rushewa. Babu wata rajista ta duniya ta masu digiri. A Amurka dokar FERPA ta 1974 ta hana makaranta sakin sakamakon ɗalibi ba da izininsa ba. Ta yarda a faɗi digirin da aka ba shi da shekarun da ya yi, amma ɗalibi yana da ikon hana ko wannan. Jami'o'i da yawa a can sun miƙa aikin tabbatarwa ga National Student Clearinghouse, inda ake biyan kuɗi a kan kowace tambaya. A Birtaniya akwai HEDD mai irin wannan aiki, kuma a can ma ana neman amincewar mai digirin. Ƙasashen Tarayyar Turai suna ƙarƙashin dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018. Sin tana da rumbun ƙasa na CHSI, amma bayanansa daga 2001 suka fara. To mutumin da ya gama a 1988 a jami'ar da aka haɗe ta da wata, ko matar da ta canza suna bayan aure, za ka neme su a intanet ka rasa, kuma digirinsu na gaske ne. Ka ce musu maƙaryata a bainar jama'a, ka ɓata sunan mai gaskiya, kana iya ma tsayawa gaban alƙali.

Injiniya Bashir: Haka yake a ƙirƙira. Wanda ya shigar da nema wata 10 da suka wuce ba zai fito ba tukuna. Takardar wucin gadi ta Amurka, mai wata 12, ba a tantance ta ba a kuma wallafa ta ita kaɗai. Mai nema a Amurka yana iya roƙon kada a wallafa nemansa in ba zai kai shi waje ba. Kamfanoni da yawa kuma da gangan suke ƙin yin rajista su riƙe abin a matsayin sirrin sana'a. Ga kuma matsalar suna: babu lambar shaida ta musamman ga mai ƙirƙira, don haka sunan da aka juya daga Larabci ko Sinanci ko Rashanci yana iya fitowa da rubutu iri uku, mutum biyu kuma su fito a matsayin ɗaya.

Dakta Lawal: Wannan na haɗa mutum biyu ya fi damuna, kuma shafukan da ke tattara bayanan mutane su sayar ne suka fi yin sa. Manhaja ce ke haɗa suna da birni, ta ɗauko aiki daga LinkedIn, makaranta daga wani wuri, takardar ƙirƙira daga wani, ta jera su a shafi ɗaya. LinkedIn kuwa mutum ne ke rubuta tarihinsa da hannunsa. In shafi biyar suka kwafi abu ɗaya daga can, majiyar ɗaya ce har yanzu. ORCID, rajistar masu binciken ilimi, ya fi, don kowane mai bincike yana da lamba mai alƙaluma 16, kuma a ƙarƙashin kowane bayani ana nuna wanda ya shigar da shi, shi kansa ne ko jami'arsa ko mawallafi. Wannan layin nake so mutane su riƙa dubawa.

Hajiya Rakiya: Barista, me za ki ce game da takardar da aka buga mata hatimin Apostille, wanda gwamnati ke bugawa don a karɓi takarda a wata ƙasa? Mutane suna ɗaukarta a matsayin ƙarshen zance.

Barista Hauwa: Hatimin yarjejeniyar Hague ta 1961 yana tabbatar da sa hannu da muƙamin wanda ya sa hannun da hatiminsa. Ba ya tabbatar da abin da takardar ta ƙunsa. Masu sayar da digiri sun san wannan: su kai kwafi wurin lauya mai hatimi, a shaida sa hannunsa, sai takardar banza ta fito da hatimin gwamnati. Suna kuma ƙirƙirar jami'ar da hukumar da za ta amince da ita da layin wayar tabbatarwa duk tare, kamar yadda binciken jaridar New York Times ya nuna game da kamfanin Axact na Pakistan a 2015. Saboda haka a bi tsarin da kyau. Ka nemi mutumin ya ba ka cikakken sunansa na lokacin karatu, ranar haihuwa, shekarar gamawa, lambar ɗalibi, da rubutacciyar amincewa. Ka duba ko jami'ar tana cikin jerin hukumar ilimi ta ƙasarta a shekarar da ya gama. Ka samo adireshin ofishin magatakarda da kanka daga shafin jami'ar, kada ka kira lambar da ke jikin takardar. Ka tambayi sunan digirin daidai, ko na karatu ne ko na girmamawa, da ko yana nan daram, don ana janyewa: Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron Jamus na lokacin, Karl-Theodor zu Guttenberg, a 2011 saboda satar rubutu.

Malam Auwalu: Na janye ƙa'idar a kan digiri da takardun ƙirƙira. Amma ba zan janye ta ba a kan sana'o'in da doka ta ce sai da lasisi. Likita, lauya, dillalin hannun jari: in babu sunansa a rajistar hukumarsa, ba shi da ikon yin aikin, ko da ya yi karatun da gaske. A nan rashin suna hujja ne cikakke.

Dakta Lawal: A nan ina tare da kai, da sharaɗi biyu. Ka tabbata rajistar wurin da yake aiki ka duba, don a Amurka kowace jiha ce ke ba likita da lauya lasisi, kuma rashin suna a jiha ɗaya ba ya nufin babu shi a wata. Sannan ka nema da lambar rajista tare da suna, ka karanta matsayin: GMC tana nuna ko likita yana da rajista tare da lasisin aiki ko rajista kawai, ko an dakatar da shi, ko an gindaya masa sharuɗɗa.

Barista Hauwa: Rashin sunan na yarda hujja ne. Fitowarsa ce har yanzu ban yarda ta isa ba, don Alemi tana da lamba kuma matsayinta ya nuna tana da ikon aiki. Bayan lamarinta GMC ta sake duba takardun likitoci kusan 3,000 da suka shigo ta hanyar da ta bi. Asibitin da zai ɗauki likita ya duba rajista, ya kuma tuntuɓi makarantar da ta ba shi digirin farko kai tsaye.