Teras a Lokogoma ko gida mai katangarsa a Kuje?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Yaranmu uku, uwargida na da juna biyu, Hajiya kuma za ta dawo wurinmu da zama. Kuɗina zai kai ɗaya cikin biyu a Abuja: teras (gidan bene da ke jere manne da wasu) a Lokogoma, kusa da aikina amma bango ɗaya da maƙwabta, ko gida a Kuje mai tsakar gida har da wurin ɗaure ragon layya, sai dai cunkoson hanyar Lugbe kullum da safe.

Matakala ce ta fi damuna. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ɗakunan kwanan teras ɗin kuwa duk a sama suke. Waɗanda suka zauna a irinsa, masu estet suna barin mutum ya yanka falon ƙasa ya fitar da ɗaki?