Gidan da aka niƙa dutsen zinare: bakteriya za su iya cinye dalmar?

Ɗan Anka: Assalamu alaikum jama'a. Ku taimaka da shawara, kaina ya kulle. Bayan rasuwar Baffa aka yi rabon gado, gidan ƙauye ya faɗo a kasona. Ni gonar nake so, amma Yaya ya ce shi ne babba, Inna ta ce in bar wa Allah, na bari. Na daɗe ina haya a Gusau, mai gida kullum ƙari, ga maiɗakina da tsohon ciki, ga yara ƙanana. Sai na yanke in koma gida. Matsalar ita ce, a tsakar gidan nan aka riƙa niƙa dutsen zinare lokacin da harkar ke tashe, dutsen kuwa akwai gubar dalma a cikinsa. Wani ya kawo mini jarka, ya ce ruwan bakteriya ne, in yayyafa, kafin damina ta wuce sun cinye dalmar. Na riga na ba da rabin kuɗi. Da safe ake zubawa ko da yamma?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kai yaran nan gidan. Dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, babu halittar da za ta ci ta ta ɓace. Man fetur ne bakteriya ke iya narkarwa, shi ya sa ake amfani da su a ƙasar Ogoni. Iyakar abin da wasu nau'o'in ke yi wa dalma shi ne ɗaure ta, su haɗa ta da sinadarin fosfet ko kabonet ta rage narkewa a ruwa. Tana nan dai a ƙasar, yaro mai rarrafe zai sa hannu a baki ya haɗiye ta.

Maman Biyu: An taɓa auna ƙasar gidan kuwa? Ba ka faɗa ba. Kuma gidan yana cikin waɗanda aka kwashe wa ƙasa?

Ɗan Anka: Hajiya, ban sani ba, lokacin ina Legas. Amma an daina niƙan tuntuni, ruwan sama ya wanke.

Malamin Kimiyya: Ruwan sama ba ya wanke ta. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a Anka da Bukkuyum, kuma ƙurar niƙa a cikin gida ce ta kashe su. Da aka zo gyara a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013, ba a zuba jarkar komai ba. Kankare ƙasar sama aka yi, aka binne ta a rami nesa da gari, aka zubo sabuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ma a lokacin sai an gyara gida suke ba yaro maganin fitar da gubar, don in ya koma cikin ƙurar aikin banza ne.

Mai Lambu: Mu nan Challawa a Kano wa ya damu da mu? Ruwan masana'antun fata ke gangaro mana, wata rana baƙi wata rana shuɗi, da shi muke ban-ruwan latas. Ɗalibai su zo su ɗebi ƙasa a leda, su rubuta digiri, ba ka ƙara ganinsu.

Malamin Kimiyya: Naku wani ƙarfe ne da ake kira kromiyam, Malam. Shi kam akwai bakteriyan da ke juya mai tsananin guba ya koma mai sauƙi. Batun dalma daban.

Baba Manomi: Ku 'yan boko kun cika tsoratarwa. Yaro, shuka jema a gidan, saiwarta tana riƙe ƙasa, ƙura ta kwanta. Mu ma a cikin ƙasa muka tashi, ga mu da furfura.

Maman Biyu: Baba, Allah Ya ƙara lafiya, amma a Shikira ta jihar Neja haka aka riƙa cewa har 2015 yara suka fara sanƙarewa. Ni a ganina ya dafe tsakar gidan da siminti kawai.

Malamin Kimiyya: Siminti kan ƙasar da ba a auna ba? Bangon laka fa, da ɗakuna, da bakin rijiya? A nemo masu na'urar awon dalma ta ma'aikatar muhalli, a gwada jinin yara, mai cikin kuma ta haihu a Gusau. Dalma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan tayi.

Ɗan Anka: Malam, kana magana kamar kuɗin a aljihuna suke. Hayata ƙarshen wata take ƙarewa. Mutumin nan kuma ba ɗan damfara ba ne, tare muke sallah, har takarda ya nuna mini da Turanci. Kai da kanka ka ce suna ɗaure ta.

Malamin Kimiyya: A ɗakin gwaji, da nau'in da aka sani. Mene ne sunan na cikin jarkarka?

Ɗan Anka: Babu rubutu a jiki. Zan zuba dai tunda na biya, sai in yi wa ɗakin matata daɓen siminti. Nawa buhu yake yanzu a Gusau?