Kafin Ɗan Birtaniya Ya Kwashe Komatsansa Zuwa Sifaniya

'Yan Birtaniya da suka daɗe a Sifaniya sun fi nanata wa masu shirin biyo su abu ɗaya: kada ka yi gaggawar sayen gida, kama haya ka ga hunturu tukuna. Wanda ya san birnin Alikante na gaɓar tekun Sifaniya a hutun Agusta kaɗai bai san sanyin ɗakunanta a Janairu ba, don gidaje da yawa ba na'urar ɗumama ɗaki.

Sai takardu. Tun 2021, kwana 90 cikin kowane 180 kawai 'yan Birtaniya za su iya zama a Sifaniya in ba biza, kuma a ofishin gwamnati Turanci ba ya fisshe ka. Wannan kam ba gardama. Masu hangen Ostareliya ko Kanada a maimakon Sifaniya kuwa su tuna cewa fanshon gwamnatin Birtaniya ba ya ƙaruwa a can.