Monita mai ƙeya ta iso daga Dammam da tabon launi: tana gyaruwa?

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum. Yayana ya aiko mini da tsohuwar monitarsa ta Sony Trinitron mai inci 19 daga Dammam zuwa nan Jidda a motar kaya, tafiyar da ta haura kilomita 1,200, domin in haɗa ta da kwamfutar shagonmu na ɗinki. Kwalin ya iso da kusurwa ɗaya a lotse, alamar an yar da shi. Da na kunna ta hoto ya fito, amma akwai tabo mai launin shunayya a sama ta hannun dama, da siraran layuka baƙaƙe a tsaye wajen tsakiya, da wasu layuka biyu a kwance waɗanda sai an matso ake ganinsu, kuma hoton ya ɗan karkace. Yayana ya tabbatar mini lafiya lau ta bar hannunsa. Ina son sanin abin da ya lalace kafin in kashe kuɗi.

Mai gyaran talabijin, Makka:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Layuka biyun da ke kwance ba aibi ba ne, haka ake ƙera Trinitron: a bayan gilashin akwai siraran wayoyi sama da dubu a tsaye, kuma waɗannan biyun su ne ke riƙe su don kada su yi rawa. Layukan tsaye kuwa sau da yawa wayoyin ne suka manne da juna saboda jijjiga, don haka ka bar ta ta ɗumama, sannan ka ɗan bubbuga gefen akwatin da tafin hannu a hankali.

Tabon ne ya fi damuna, domin dalilinsa biyu ne, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai tsanani. Ka cika allon da jan launi zalla, ka kawar da sifika da fanka daga kusa, sannan ka danna abin da ke goge maganaɗisu a cikin saitinta. Za ka ji ƙara, hoton ya girgiza. Ka jira kamar minti 20 kafin ka maimaita, saboda sai abin ya huce yake aiki sosai. Daga nan ka juya fuskar monitar zuwa wani ɓangare daban tana kunne. Idan tabon ya motsa ko ya canza launi, maganaɗisu ne, kuma yana gyaruwa. Idan ya tsaya cak bayan an goge sau uku ko huɗu, to ina tsoron faɗuwar ta gusar da ƙarfen da ke cikin kwalbar (wato babban bututun gilashin da ke fitar da hoto), wanda babu mai iya kai hannu gare shi.

Wani dattijo, Madina:
Malam ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara, yaro, shi ne kada ka buɗe bayanta da kanka, domin kwalbar tana aiki da wuta wajen bolt 25,000, kuma tana riƙe caji bayan an cire ta daga soket. Karkacewar hoton ka fara gyara ta daga saiti.

Mai tambaya, Jidda:
Allah ya saka da alheri, Malam da Baba. Layukan tsaye sun ɓace bayan bubbugawa, tabon kuma ya ragu ƙwarai, yana canza launi idan na juya ta. Karkacewar ce ta ƙi, ko da na kai saitin ƙarshensa.

Mai gyaran talabijin, Makka:
Alhamdu lillahi, kwalbarka ta tsira. Karkacewar tana nuna naɗin wayar da ke wuyan kwalbar ya juya daga mazauninsa, kuma mai gyara zai sassauta maɗaurinsa ya daidaita shi ya ɗaure. Ka roƙe shi ya duba dalmar ƙafafun taransifomar babbar wuta, domin nauyinta kan tsaga dalma idan an faɗi. Wajen kai ta, ka zaunar da ita a kujerar mota, gilashin yana fuskantar majingina da bargo a tsakani, ka ɗaure ta da bel.