Yarana sun iya rubuta Ingilishi, amma baki ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina koyar da Ingilishi a wani CEG (ƙaramar sakandare) a nan Damagaram, wannan ce shekarata ta uku. Ajin da ya fi damuna shi ne na 4ème, wato aji na uku, yara 68. In rubutu ne ba su da laifi, har rera mini go, went, gone suke kamar karatun allo. Makon jiya wani abokina da ya yi karatu a Kano ya leƙo ajin, ya tambayi yarinyar da ta fi kowa maki me take yi in an tashi lakwal. Ta miƙe, ta dubi ƙasa, can ta ce "oui… yes", ta zauna. Aji ya kwashe da dariya. Wallahi ni kunyar ta kama, don shekararta ta uku ke nan tana Ingilishi, tun 6ème, ajin farko. Littattafai ba su isa ba, ajin ba kuran balle a yi zancen na'ura. Yaya ake koya wa yaro hira, ba hadda ba?

Tsohon Mushe, Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi lissafi da kanka. Darasi minti 55 ne, yara 68. Ko da ba ka ce uffan ba, kana kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowa ba zai samu minti guda ba. Kuma ai kai ne kake cinye fiye da rabin lokacin da bayani. Na yi shekaru ina wannan kuskuren, ina ɗauka aji mai tsit shi ne ajin kirki.

Ka haɗa su biyu-biyu, duk su yi magana lokaci guda. Akwai dabarar da ake kira 4-3-2, wadda Paul Nation, masanin koyar da harshe a New Zealand, ya yi rubutu a kanta sosai. Yaro ya ba abokinsa labari cikin minti 4, ya sauya aboki ya maimaita labarin cikin minti 3, ya sake sauyawa ya yi shi cikin 2. Labarin bai canza ba, mai saurare ne sabo, lokaci kuma yana matsewa, don haka in-ina take raguwa. Ga yaranka minti 4 ya yi yawa, ka fara da minti ɗaya da rabi, sai ɗaya, sai rabi. Kuma labarin ya zama abin da suka sani ciki da bai: yadda ake ɗibar ruwa a unguwarsu in famfo ya ɗauke, ko hawan Sallah a ƙofar fada. Kada ka ce su yi maganar dusar ƙanƙara a Landan.

Abu biyu. Ka sanar da direkta tukuna, don hayaniyar za ta kai ofishinsa. Sannan in yaro yana magana ka riƙe bakinka. Ka zagaya da kaye, ka rubuta kurakurai uku ko huɗu da suka fi yawa, a ƙarshe ka sa su a tablo ba tare da sunan kowa ba.

Malama daga Karkada:
Baba Mushe ya gama magana, amma bari in ƙara abin da na lura. Malam, ka saurari yadda muke hira da Hausa. Mai saurare ba ya zama kamar gunki. Yana cewa "to", "haka ne", "kai!", "sai me ya faru?" In ya yi shiru mai labari zai tsaya ya ce "kana jina kuwa?" Ingilishi ma yana da irin waɗannan, mu ne ba ma koyar da su don ba sa fitowa a jarrabawa. Yarinyar nan taka ta san amsar, abin da ta rasa shi ne kalmar da za ta riƙe fili da ita kafin amsar ta iso. Da ta san "Let me think" ko "Sorry, say that again", da ba a yi mata dariya ba.

Ni na rubuta guda takwas a kwalin sukari na liƙa a bango: Really? And then? Me too. What about you? da sauransu. Dokar ajina, duk wanda aka tambaya ya amsa, ya ƙara magana ɗaya, ya mayar da tambaya. Shi ke nan hira ta tashi, ta daina zama tambayar ɗan sanda. Sannan ka fara haɗa mata da mata. 'Yar shekara 14 ba za ta yarda ta yi kuskure a gaban namijin da zai kai labarin unguwa ba.

Mai Shago, Kasuwar Dole:
Ni ba malami ba ne, ƙanwata ce ta sa ni cikin zauren nan. A CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tsaya. Ingilishin da nake ji a Sabon Garin Kano na tsince shi wajen masu kayan gyaran moto, don in ba ka yi magana ba za a sayar maka da tsada. Yanzu har da masu kaya na China nake ciniki ta WhatsApp. Ku bar yaran nan da nahawu, ku kawo sabulu da ashana aji ku buɗe kasuwa. Wanda ya iya taya kaya ya ci riba.

Ɗalibin Ingilishi, Jami'ar André Salifou:
Alhaji, kasuwar aji dabara ce mai kyau, amma kada a yar da nahawu. Ingilishin da ake yi a kasuwa yawanci burokin ne, yaran nan kuwa BEPC, jarrabawar gama CEG, na jiransu baɗi. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, mai Ingilishi mai tsabta zai samu shiga.

Matsalarmu 'yan Nijar hawa biyu ce. Yaro zai yi tunani da Hausa, ya juya zuwa Faransanci, sannan ya nemo Ingilishi. Kafin ya iso an wuce wurin. Daga nan ne "I have fifteen years" yake fitowa, j'ai quinze ans ne aka sa wa wata riga. Haka library, suna ɗauka shagon sayar da littafi ne saboda librairie. Ga kuma p da f da Hausa ba ta rarrabe su, sai pan ya koma fan. Mu abin da ya buɗe mana baki fada ce, wato zaman hirar abokai. Muna haɗa shayi da yamma, daga na fari har na uku ba Hausa ba Faransanci, wanda ya karya ya ajiye dala biyar ta sukari.

Tsohon Mushe, Birni:
Ɗan jami'a, fadarku ta burge ni, amma tara sai ku manya. Ka ci yaro tara ya daina zuwa. Zancen p da f kuma a ware masa minti biyar daban, a sa takarda gaban baki a ga tana motsi in an furta p. Kada a tare yaro da shi a tsakiyar labari. Wanda bai fara tafiya ba ba a gyara masa taku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada ta Baba Mushe da kwalin Malama tare. Minti goman farko rabin aji Hausa suke yi ƙasa-ƙasa, sai in na matso su juya. A zagaye na uku dai na ji yarinyar nan ta ce wa ƙawarta "Really? And then?" tana dariya, ba ta ma san ina bayanta ba. Sauya aboki ne ya ba ni wuya, don uku-uku suke zama a teburi, wasu huɗu, ba wurin motsi. Ranar Alhamis zan fitar da su gindin bedi in jera su layi biyu suna fuskantar juna. Malama, ragowar huɗun da ke kwalinki fa, don Allah ki turo mini su.